Dutsen Sisif da kurar mai ga-ruwa: tawaye ga wa?

Ɗan Kabu-kabu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a sallame ni da "sai haƙuri". Idan mutum ya yi karatu iyakar ƙarfinsa, ya samu digiri, ya zauna jarrabawar ɗaukar aiki har ya gaji, ƙarshe ya tsinci kansa bisa babur yana jiran fasinja a bakin kasuwar Dole ta Damagaram, yau haka gobe haka, me ake so ya fahimta game da rayuwa? A lise, wato babbar sakandare, an koya mana marubucin Faransa Albert Camus, an ce duniya ba ta da ma'ana, mafita kuma ita ce tawaye. Lokacin haddacewa muka yi don bak, jarrabawar gama sakandare. Yanzu ne nake so a gaya mini da gaske: tawaye ga wa? In an yi kuma, me ke canjawa?

Mushen Falsafa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta fi abin da muke samun lokacin yi a aji, inda kullum tseren gama manhaja muke. Bari in fara daidaita magana guda. A littafinsa na 1942 kan Sisif, Camus bai ɗora laifin a kan duniya ita kaɗai ba. Cewa ya yi akwai ɗan Adam mai tambaya, yana son sanin dalilin wahalarsa da dalilin mutuwar ɗansa, sannan akwai duniya da ta yi masa shiru. Matsalar a tsakaninsu take. Wanda bai taɓa tambaya ba bai san da ita ba.

Daga nan ya duba abin da mutum zai iya yi. Zai iya kashe kansa, Camus ya ƙi wannan ƙiri-ƙiri, ya ce miƙa wuya ne. Zai iya rungumar wata amsa da sauri don kawai tambayar ta daina damunsa, wannan ma ya ƙi. Abin da ya rage shi ne ya ci gaba da rayuwa idonsa a buɗe, shi ne ya fara kira tawaye. Sai ya kawo tatsuniyar Girkawa ta Sisif, wanda allolinsu suka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tsauni. Da ya kusa ƙololuwa dutsen ya gangaro, shi kuma ya sauko ya sake, har abada. Abin da ya fi jan hankalin Camus shi ne lokacin saukowa: hannun mutumin wofi, ya san sarai abin da ke jiransa a ƙasa, bai yaudari kansa ba, kuma ya je ya sake sa kafaɗa.

Kada ka ɗauka maganar ɗan masu kuɗi ce da ƙoshi ya dama. An haife shi a Aljeriya a 1913, mahaifinsa ya mutu a yaƙin duniya na farko a 1914 yana jariri. Mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, kunnenta bai ji sosai, aikatau take a gidajen mutane. Yana ɗan shekara 17 tarin fuka ya kama shi, ciwon ne ma ya hana shi zama jarrabawar da za ta ba shi damar koyar da falsafa. Ya san abin da ake nufi da ƙofa ta rufe a gaban mai takarda.

Malam na Garin Malam:
Mushe, Allah ya ƙara sani. Na karanta da natsuwa, amma a gindin maganar muka rabu. Mu a wurinmu duniya ba ta yi shiru ba. Suratul Mu'minun aya ta 115 tana tambayar mutane ko sun zaci an halicce su ne da wasa, kuma ba za a mayar da su ga Ubangiji ba. Wanda ya yi imani da wannan ba Sisif ba ne, domin ko taku ɗaya na wahalarsa ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sai dai ba zan ce wa yaron nan tambayarsa saɓo ce ba. Imam Gazali yana kan kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza, a makarantar Nizamiyya, shakka ta dame shi har a 1095 harshensa ya ƙi furta darasi, abinci ya ƙi shiga. Ya bar muƙamin ya tafi, ya yi shekaru yana neman yaƙini. Tambaya ta same shi, ya bi ta har ƙarshe. Abin da nake tsoro shi ne a koya wa yara tambayar a ɓoye musu cewa akwai waɗanda suka samu amsa.

Mushen Falsafa:
Allah gafarta Malam, a nan ba mu da saɓani sosai. Masu falsafar wanzuwa, wato masu binciken ma'anar rayuwar ɗan Adam da ƴancin zaɓinsa, waɗanda ake yawan saka Camus cikinsu, ba duka ne marasa addini ba. Kierkegaard, mutumin Danmak da ya rasu a 1855, wanda ake ɗauka kakan tafiyar, Kirista ne mai tsananin imani. Faɗansa da mutanen zamaninsa shi ne sun mayar da addini rigar gado, ba su taɓa zaɓarsa da zuciyarsu ba. Camus kuwa bai yi imani ba, bai ɓoye ba, kuma shi kansa ya ƙi a kira shi ɗan wannan mazhaba.

Inna Ungozoma:
Ni ban yi falsafa ba, amma wannan Sisif ɗin na ga mai kama da shi. Akwai wani bawan Allah mai ga-ruwa da ke shigo mana unguwa. In zafi ya tsananta fanfo ya ƙafe, tun kafin asuba yake layi, ya jera jarkoki a kura, ya turo ta cikin rairayi, jijiyar wuyansa a miƙe, takalminsa ɗaure da waya. Ya juye, ya koma da kura wofi, ya sake. Amma ɗana, ka lura da bambanci guda. Dutsen wancan ba ya amfanar kowa. Ruwan wannan kuwa da shi na wanke jariri, da shi aka dafa wa mai jego kunu. Kai ma in ka ɗauko mace mai naƙuda da tsakar dare ka kawo mana ita, kada ka ce mini ranar ta tafi a banza.

Ɗan Kabu-kabu:
Na gode Inna. Hakan yana faruwa, kuma ranar nakan ji daɗi. Amma ba don wannan mahaifina ya sayar da awakinsa ya biya mini karatu ba.

Ƴar Jami'a:
Yaya, ka taɓo inda nake so a tsaya. Ina ganin ana haɗa duwatsu biyu ana kiransu da suna ɗaya, kuma wannan haɗawar ce ke cutar da mu. Akwai nauyin da babu wanda ya ɗora wa wani: mutuwa, tsufa, shekarar da damina ta ƙi. Akwai kuma nauyin da mutum ya ɗora wa ɗan'uwansa, ko ya ga yana iya saukewa ya ƙi.

Ku ɗauki ruwan da Inna ta ambata. Gaskiya ne Damagaram bisa dutse take zaune, ruwan ƙasa yana da wuyar samu, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza. Ƙarancin ruwa ma yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Dutsen ƙasa ba laifin kowa ba ne. Amma a ce kusan shekara ɗari bayan haka yarinya tana fashin lakwal don layin fanfo, wannan shawarar mutane ce, kasafin kuɗi ne, zaɓin abin da za a fara yi ne. In aka ce wa yarinyar nan ta ɗauki kanta Sisif ta yi farin ciki, an zalunce ta. In aka ce mata ƙaddara ce ta yi shiru, an zalunce ta da wani harshen. Duka biyun suna sauke wa mai alhaki nauyi.

Malam na Garin Malam:
Ƴata, wanda ya ce miki ƙaddara tana nufin naɗe hannu bai karanta ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake. Ya amsa cewa e, daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kuma Suratur Ra'ad aya ta 11 ta faɗa cewa Allah ba ya canja abin da ke ga mutane sai sun canja abin da ke ransu. Haƙuri a kan abin da ba ka da iko a kai ibada ne. Yin shiru a kan abin da kake iya gyarawa, sunansa sakaci.

Mushen Falsafa:
Abin da ke burge ni, Malam, shi ne Camus ma ta hanyar annoba ya bi ya fita daga kaɗaicin Sisif. A labarin da ya fitar a 1947, annoba ta rufe birnin Oran. Akwai likita marar imani, akwai limamin coci da ya fara da wa'azin cewa azaba ce ta zunubi. Bayan sun tsaya tare a kan gadon wani yaro har ya cika, ba su daidaita a kan Allah ba, amma dukansu suna cikin aikin ceton marasa lafiya. Sisif shi kaɗai yake da dutsensa. A Oran kuwa mutane ne suka haɗa ƙungiyar sa kai. Daga nan tunaninsa ya koma kan "mu".

Ɗan Kara-Kara:
Ku yi haƙuri manya, ni ban yi dogon karatu ba, amma ina da magana. Duk abin da kuke faɗa mai daɗi ne a waya. Mu da aka haifa a Kara-Kara, in ka faɗi sunan unguwarka wajen neman aiki sai ka ga fuskar mutum ta canja. Kakanninmu kutare ne da makafi da aka ware can bayan gari, mu kuma aka ce mana ƴan pale, wato gungun samarin unguwa. Na taɓa zama a ciki, na ɗaga ƙarfe, na yi faɗa, yanzu na bari ina gyaran babur. Amma abu guda na gani da idona: in muka yi magana a hankali ba mai ji. Ranar da taya ta kama wuta a kan titi, ranar ake tuna akwai mu. To Mushe, wane tawaye ne ya wuce wannan?

Mai Kula da Zaure:
A ci gaba, amma a kiyaye: ba zagi, ba kiran sunan kowa, ba siyasar jam'iyya.

Mushen Falsafa:
Ƙanena, ba zan ce maka ƙarya kake ba, ana yi muku abin da ka faɗa. Littafin Camus na 1951 kan ɗan tawaye da irin maganarka ya fara. Bawa ne da ya daɗe yana bin umarni, wata rana ya juyo ya ce a'a. Camus ya ce cikin wannan a'ar akwai e: bawan yana cewa akwai wani abu a jikina da bai halatta a taka ba. Kuma wannan abin ba nasa ne shi kaɗai ba, na kowane mutum ne, shi ya sa wani yakan tashi don an wulaƙanta wanda bai ma sani ba. To ga inda maganar ta yi nauyi. In dalilin tashinka shi ne mutum bai cancanci a taka shi ba, ranar da ka taka wani marar laifi ka rushe dalilin da ka tashi dominsa. Tawaye yana zuwa da iyakarsa a cikinsa.

Ya bi tarihi yana nuna yadda ake tsallake iyakar. Juyin juya halin Faransa ya fara da ƴancin ɗan Adam a 1789, zuwa 1793 da 1794 yana sare kawunan ƴaƴansa. Na Rasha ya fara da burodi da ƙasa ga talaka, ya ƙare da sansanonin gwale-gwale na Stalin. Kullum hujjar guda ce: a kashe na yau don na gobe su ji daɗi. Sai ya nuna wani misali na dabam, wanda ya faru da gaske. A Fabrairun 1905 a Mosko, wani saurayi mai suna Kaliyayev ya tsaya da bam yana jiran keken dokin kawun sarkin Rasha. Da keken ya iso ya hango yara biyu a ciki, ya fasa jefawa. Bayan kwana biyu ya samu mutumin ba yara, ya kashe shi, aka kama shi aka rataye. Camus bai ce kisan ya zama halal ba. Abin da ya riƙe shi ne saurayin ya san akwai inda ba a wucewa, kuma bai ɗora wa wani alhakin aikinsa ba.

Yanzu mu dawo gida, ko da maganar tana da zafi. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 duk muna nan. Ɓacin ran da zanen ɓatancin nan na jaridar Faransa ya jawo na gaske ne, ni ma raina ya ɓaci. Amma waɗanda suka yi zanen suna Paris. A nan coci-coci aka ƙona, aka cinna wa cibiyar al'adu wuta da ɗakin karatun da yaranmu ke zuwa, aka rasa rayuka, maƙwabtanmu Kirista da muka tashi tare suka kwana a ɓoye. Washegari wa ya samu aiki? Wa ya samu ruwa?

Ɗan Kara-Kara:
Ba wanda ya samu. Abokina ma gidan kaso ya samu. Amma Mushe, waɗanda suka zuga mu ranar ba su fito ba, kuma har yau su ake gaisarwa da girma.

Malam na Garin Malam:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ɗana. Kuma a shari'a ma ba a kama wani da laifin wani. Hana mummuna yana da sharaɗi: kada hanin ya haifar da abin da ya fi shi muni.

Ƴar Jami'a:
Mushe, ina girmama ka, amma ba zan bari a wanke Camus tas ba. Wa yake gaya wa ya kiyaye iyaka? Shi Bafaranshen Aljeriya ne, yana da ƴancin da maƙwabcinsa Balarabe ba shi da shi. A labarinsa na farko da ya yi suna, Balaraben da aka harbe a bakin teku ko suna ba a ba shi ba. Ranar 8 ga Mayun 1945, Turai tana bikin gama yaƙi, a Setif da Gelma aka soma kisan da ya ci dubban Aljeriyawa. Da yaƙin ƴanci ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamban 1954, bai goyi bayan cikakken ƴancin kai ba. A 1957, da ya je karɓar kyautar Nobel a Suwidin, wani saurayi ɗan Aljeriya ya tsare shi da tambaya, ya amsa da cewa ana dasa bam a jiragen ƙasan cikin gari na Aljas, babban birnin Aljeriya, mahaifiyarsa tana iya kasancewa a ciki, in wannan ne adalci to ya zaɓi mahaifiyarsa. To uwayen Setif fa?

Mu ma muna da tarihi. A 1898 Sarki Ahmadu Kuren Daga ya sa aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan garin. A Yulin 1899 Faransawa suka ci mu a Tirmini, bayan ɗan lokaci suka kashe sarkin, suka sa wa barikinsu sunan kyaftin ɗin. Rundunar da ta iso nan ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar Birnin Konni da garuruwa da yawa cikin jini, wadda Sarauniya Mangu ta tara a Lugu. Da wane ma'auni za a ce wa waɗannan mutane su auna hannunsu?

Mushen Falsafa:
Ƙanwata, sukar nan mai ƙarfi ce, kuma ba ke kika fara ta ba. A kan littafin nan na ɗan tawaye Camus ya rabu da abokinsa masanin falsafa Jean-Paul Sartre a 1952, Sartre yana ganin mai son hannunsa ya zauna da tsabta yana barin azzalumi ya ci gaba ne. Sartre ɗin ne ya rubuta wa littafin Frantz Fanon, marubuci mai yaƙi da mulkin mallaka, gabatarwa a 1961 yana kare tashin hankalin wanda aka mallaka. A batun ƴancin Aljeriya tarihi bai bi Camus ba, ƙasar ta samu ƴanci a 1962, shekara biyu bayan ya mutu a haɗarin mota ranar 4 ga Janairun 1960.

Amma a ba shi nasa. A 1939, yana ɗan jarida, ya je yankin Kabiliya ya rubuta yunwar da mutane ke ciki lokacin da ƴan'uwansa Turawa ba su son ji. A Janairun 1956 ya koma Aljas ya roƙi ɓangarorin biyu su bar taɓa fararen hula, Turawa masu tsattsauran ra'ayi suna waje suna kiran a kashe shi. Kuma iyakarsa ba ta ce kada a yaƙi mai bindiga ba, shi kansa yana cikin masu gwagwarmaya da mamayar da Jamus ta yi wa Faransa, yana jagorantar jaridarsu ta ɓoye. Sarauniya sojoji ta tara. A Tirmini mayaƙa ne suka fuskanci mayaƙa. Iyakar tana kan yaron da ke cikin keken doki ne.

Baban Mirya:
Ƴaƴana, tun ɗazu ina karantawa, bari tsoho ya sa baki. Kuna ta maganar wuta da bam kamar su kaɗai ne hanyar canji. Ni na ga fari na 1973, na ga na 1984. Bayan na biyun, in ka tsaya a gona sai ka hango garin gaba, ba itace ko ɗaya, iska tana binne shuka sai an sake. A lokacin itace na gwamnati ne, in ka sare wanda ke gonarka ma jami'in gandun daji zai ci ka tara, don haka ba mai kula da shi. Manomi yana ganin toho a gona sai ya sassabe shi tun yana ƙarami.

Sai mutane suka fara barinsa. Wajen sassabe, in ka ga tohon gawo ko kalgo daga tsohon kututture, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran, ka kare shi daga awaki. Shi ke nan, ba kuɗi, ba injin. An yi wa na farko dariya, ana cewa gonar malalaci ce. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙarƙashinsa ne gero ya fi kyau, ƴaƴansa kuma abincin dabba ne da rani. Yau ku bi hanyar Mirya zuwa Magarya ko Matamaye ku gani da idonku. Masu bincike sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itace ya dawo a kudancin ƙasar nan. Ba mu iya sa ruwan sama ya sauka ba. Amma mun ƙi yarda hamada ta ci gonar, kuma ba mu ƙona rumbun kowa ba.

Ƴar Jami'a:
Baba, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai dai wani canjin sai an fito titi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka yi maci a gadar Kennedy a Yamai, aka harbe uku. Daga nan aka bi hanyar da ta kai ga Taron Ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan André Salifou ya shugabanta, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa. Da aka kafa kwamitin shirya taron da mace guda kacal, ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka fito har aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. Ba su ƙona komai ba, amma ba su zauna gida suna jiran a tuna da su ba.

Ɗan Kabu-kabu:
Zan faɗa muku abin da ya sa na yi tambayar. Abokaina suna matsa mini mu bi ta Agadas mu haura arewa. Mahaifiyata kuma ni kaɗai ne namiji a gabanta. In na tafi na bar ta, in na zauna ina ganin shekaruna suna tafiya. Mushe, falsafa me ta ce?

Mushen Falsafa:
Kusan irin tambayarka wani ɗalibi ya kai wa Sartre lokacin mamayar Jamus: ya tafi Ingila ya shiga yaƙin ƴanto ƙasa, ko ya zauna da mahaifiyarsa da ba ta da kowa sai shi. Sartre ya ba da labarin a laccarsa ta Oktoban 1945. Bai zaɓa masa ba. Ya ce masa kai mai ƴanci ne, ka zaɓa. Har ya ƙara da cewa wanda ka je neman shawara wurinsa ma kai ka zaɓe shi, ka riga ka san irin abin da zai ce. Ni ma ba zan zaɓa maka ba. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka ce "ba yadda zan yi", ko ka tafi ko ka zauna. Wannan kalmar ce Sartre ya fi ƙi, domin mai faɗarta ya zaɓa ya kuma ɓoye wa kansa cewa ya zaɓa.

Inna Ungozoma:
Mushe ba zai zaɓa maka ba, ni kam zan faɗi nawa. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawa mata da yara, da yawansu mutanen Kance ne, nan kusa da mu. Ka je ka zauna da mahaifiyarka ku yi maganar baki da baki, kada ta wayi gari ta ji a bakin maƙwabta. Kuma in tunanin ya kai ka ba ka barci, ba ka cin abinci, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, ka zo asibiti, ba abin kunya ba ne. Ka nemo ni ta akwatin sirri.

Ɗan Kabu-kabu:
To Inna, in sha Allah zan yi mata maganar. Ban yanke ba tukuna.

Malam na Garin Malam:
Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ka yi istihara. Mushe, saura tambayata gare ka. Ka ce tawaye yana da iyaka, kada a taɓa yaron da ke cikin keke. Na yarda. Amma ni na san wanda ya shata mini iyakar, kuma na san zan tsaya gabansa. Mutumin da ya ce sama shiru take, wa ya shata masa? In gobe wani ya zo ya ce shi tasa iyakar ta haɗa da yaron, da me Camus zai hana shi?

Mushen Falsafa:
Wannan ce tambayar da ta fi wuya a kansa, Malam, kuma masu sukarsa na addini da na gurguzu duk sun yi masa ita. Amsarsa ita ce iyakar daga cikin tawayen take fitowa: ka tashi ne don akwai abin da kowane mutum yake da shi wanda ba a takawa, in ka musa shi ga yaron ka musa shi ga kanka. Hujja ce ta rashin saɓa wa kai. Tana kama mai gaskiya, amma ba ta da ɗan sanda, ba ta da ranar hisabi. Wanda bai damu ya saɓa wa kansa ba zai wuce ta. Ni ma a matsayina na Musulmi a nan nake ganin ginin nasa bai kai ƙasa ba. Abin da nake ƙaruwa da shi a wurinsa shi ne mutanen da suka ƙona gidan maƙwabci a 2015 sun san da ranar hisabi, kuma sanin bai tsayar da hannunsu ba.

Malam na Garin Malam:
Sun sani da baki. Wannan doguwar magana ce, zan dawo mata bayan isha'i da abin da Gazali ya ce kan ilimin da bai sauka zuciya ba.

Ƴar Jami'a:
Muna jira, Allah gafarta Malam. Mushe, ni ma tawa tana nan. Ka amsa mini Tirmini da Lugu, inda mayaƙa suka fuskanci mayaƙa. Ba ka amsa Setif ba, inda mai mulkin ne ya fara tsallake iyakar, kuma ba kotun da za a kai shi. Mutanen da aka yi wa haka, me Camus yake so su yi washegari?